Daren Talata a Geelong

Likita Papadakis ya yanke kashi huɗu cikin biyar na tumbina,
abin da ya bar mini bai fi ayaba ba.
Ya ce, "Graeme, daga yau cokali shida ya ishe ka."
Ya kuwa ishe ni, shekara biyu cur.
Kilo hamsin da takwas suka zube.
Na ga gwiwoyina. Na ɗaura igiyar takalmi ba nishi.
Sitiyarin bas ɗin da nake tuƙawa
ya daina goga mini cibiya.

Sai biskit ya gano hanya.
Shi ba ya neman wuri,
narkewa yake a shayi ya sulale,
ƙarfe huɗu na asuba a tashar Corio,
lokacin da babu kowa sai ni da injin sayar da kayan zaƙi.
Kilo goma sha ɗaya suka dawo gida ba sallama,
kamar 'ya'yan da aka kora daga aiki.

Shi ya sa ga ni daren Talata
a zauren bayan cocin unguwarmu,
fanka na dama zafin Janairu,
dala goma sha bakwai duk mako,
mata goma sha huɗu, sai ni.
A bakin sikeli kowa na tuɓe abin da zai iya:
takalmi, agogo, makulli,
wata har da ɗankunne.
Kerryn ta rubuta lambata a kati,
ta yi murmushin da kamfani ya koya mata,
ta ce maki ashirin da uku nake da shi a rana.
Ƙwai ba ya cin maki. Man shanu ɓarawo ne.
"Cika rabin faranti da ganye,
ka kora da ruwa kofi biyu."
Ban ce mata ba ni da masaukin ganyen ba,
ruwa kuma sai bayan rabin awa.

Mako na uku Noelene ta ɗaga hannu,
tauraron takarda manne a rigarta.
Ta ce, "Mu dai da guminmu muke yi,
ba kamar masu zuwa a yanka su ba,
'yan bin gajeriyar hanya."
Aka yi dariya. Ni ma na yi.
Tabo biyar a ƙarƙashin rigata
suka fara ƙaiƙayi lokaci guda.

Gajeriyar hanya.
Kuɗin fanshona da na cire.
Wata uku ina shan romo kamar jariri,
gashina na toshe magudanar banɗaki,
aman da na yi a bikin 'yata
don loma ɗaya ta wuce ƙa'ida,
fatar nan da ke reto a damtsena
kamar rigar wani mamaci da aka ba ni gado.
Wuƙa ta san inda tumbi yake,
ba ta san inda yunwar take kwana ba.
Na haɗiye maganar. Ita kam ta sami wuri,
ciki ba don abinci kaɗai aka yi shi ba.

A wurin ajiye motoci wata ta tsaya kusa da ni,
Marjorie, mai zama a layin baya,
wadda ke kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan kamar tsuntsuwa.
Ba ta dube ni ba, tana lalube a jaka.
Ta ce, "Wa ya yi maka?"
Na ce, "Papadakis."
Ta ce, "Ni ma. Shekara shida ke nan."

Ta fito da dafaffen ƙwai guda ɗaya,
ta fasa shi a kan murfin motarta,
ta raba biyu da farce.
Muka tsaya muna tauna a hankali,
sau ashirin, sau talatin, yadda aka koya mana.
Kerryn ta kashe fitilun zaure ta wuce.
Dukanmu muka ƙoshi.