Waɗanda Aka Zo da Su

Sha ɗaya da kwata na dare, Jidda ba ta huce ba.
Na'urar sanyaya ɗaki tana ɗiga a bokiti,
ofishin jigilar kaya na Bab Sharif ya zama nawa,
ni da tsohuwar kwamfutar Ustaz Mu'utasim
da ta yi yaji tun la'asar,
wai cikinta ya cika,
ba ta da masaukin ko rasiti ɗaya.

Na buɗe baƙin allo na kira ma'aji,
mai littafin shige da fice,
wanda manhaja ba ta taka faifan nan
sai ya rubuta sunanta da na wanda ya gayyato ta.
Na ce lissafo mini.
Dubu biyu da ɗari uku da sha tara.
Abin da na sa da hannuna kuwa bai kai talatin ba.

Sauran duk 'yan rakiya ne.
Ka kira manhaja ɗaya, ta zo da mai riƙe mata jaka,
mai jaka ya zo da ƙanensa,
ƙanen ya ce ba ya motsi sai da wane.
Bara muka sa ta zanen taswira
saboda wata kwangilar Yanbu da ba ta yi rai ba.
A watan Safar na sallame ta.
Ta fita ita kaɗai, ko waiwaye.

Ma'aji ya ce: ga arba'in da bakwai,
don wani aka shigo da su,
yanzu ba mai nemansu.
Megabait ɗari shida da sha biyu.
In share?

Masu wannan sana'a marayu suke kiransu.

Yatsana yana kan maɓalli
sai na ji tarin Baba Ɗanjummai daga ƙasa,
yana jan kujerar gadinsa zuwa bakin ƙofa.
Akwatin wani attajirin Gusau ya ɗauko ya zo ƙasar nan.
Attajiri ya yi ɗawafin bankwana ya hau jirgi,
ya ce zai aiko.
Shekara talatin da takwas.
Shi ya san makullin da sai an ɗaga ƙofa yake juyawa,
da direban da ba a ba kuɗin mai da dare.

Na ɗauke yatsa.
Na bi sunayen ɗaya ɗaya kamar mai tsintar shinkafa.
Tsofaffin zukatan tsari guda uku, ku tafi, na bar ɗaya saboda tsaro.
Ƙamus na Girkanci, wa ya aike ka?
Na talatin da ɗaya ya tsayar da ni,
wani ɗan guntu, bai kai nauyin hoto ba,
mai haɗa haruffan Larabci su riƙe hannun juna.
Sagiru, wanda ya riga ni zama a kujerar nan,
ya ɗaura firintar rasiti a wuyansa ta bayan gida
bai gaya wa ma'aji ba.
Littafi abin da aka rubuta kawai ya sani.

Na sa masa alama: wannan ni na kira shi.
Ƙarya ce ƙarama, ma'aji ya karɓa.

Arba'in da shida. Na ce e.
Suka wuce sama layi layi, ba kuka, ba sallama.
Na zubar da kwalayen da aka kwance su a ciki,
na kashe, na kunna,
na buga rasitin gwaji: katan biyar na dabino, zuwa Kano.
Haruffa suka fito a haɗe.

Da na sauko Baba ya ɗora shayi.
Ya ce ta warke?
Na ce ta sami wuri.
Ya miƙo mini kofin da ba shi da mariƙi,
ya ce riƙe ta baki, da zafi.