Ruwan Da Ke Cizo

Opal ce ta fara faɗa.
Shekararta shida, ta fito tana yarfe hannu:
"Kaka, ruwan nan yana cizo."
Na ce cinnaka ne, ko maganin ruwa ya yi yawa,
na yanka mata kankana, na manta.

Washegari na durƙusa a bakin tafkin,
gwiwata kan jiƙaƙƙen kankare,
na kai hannu ga tsanin ƙarfe.
Daidai inda wuƙar albasa ta yanke ni
wani abu ya tsikare ni,
ɗan mitsitsi, kamar allura mai jin kunya.

Na sa wa shinge kwaɗo. Na kira mai gyara.

Thaddeus Quarles ya iso da hantsi,
zafin Lakeland ya riga ya haye bishiyar lemo.
Ba mutum ne mai surutu ba.
Ya zura bakin waya ɗaya cikin ruwa,
ya danna ɗayan kan daɓen da ya jiƙa,
mita ta ce: uku da ɗigo biyu.

Ya kashe famfo. Uku da ɗigo biyu.
Ya kashe fitilar cikin ruwa.
Ya je ya sauke babban makunnin gida
har firij ya haɗiye gurnaninsa,
har agogon kicin ya rufe ido.
Mita ko gezau.

"Ba wutar gidanki ba ce," in ji shi.
"Baƙuwa ce, ta ƙarƙashin ƙasa take bi,
wataƙila daga taransifomar bakin titi,
tana lalube hanyar komawa gida
ta yashi, ta bututu, ta duk abin da ya sha ruwa."

Na ce to a kore ta mana.

Ya share gumi da bayan hannu.
"Kamfani zai zo ya duba nasa.
Amma ba zuwanta kaɗai ke cizo ba,
bambanci ke cizo.
Ruwa na wani mataki, daɓe na wani,
yarinya ta taɓa su biyun, ta zama gada."

Ya ce akwai wayar jan ƙarfe, tsirara,
da ya kamata ta kewaye tafkin a binne,
ta riƙe tsani, ta riƙe famfo,
da rodin cikin siminti, da ruwan kansa,
kada ɗayansu ya ɗara wani.
Ya kamo ta daga gindin famfo
yana bi da ƙaramin shebur,
taki ɗaya, taki biyu, taki bakwai,
sai ta ƙare a ƙarƙashin furannin Wendell.

Yanka ɗaya, tsaf.
Bakin ya yi kore don daɗewa.
An naɗe ragowar an kwantar a gefe
yadda yake naɗe tiyo,
yadda yake naɗe ɗamararsa kafin barci.
Bazararsa ta ƙarshe ya haƙa wurin nan,
yana tari, yana fito.
Na san cewa ya yi: tsohuwar waya ce, ba ta zuwa ko'ina.

Ban gaya wa Thaddeus ba.
Na dai riƙe masa fitila, da rana tsaka.

Ya kankare koren har ja ya fito,
ya kawo sabon guntu, ya ɗaure da maƙalai biyu,
ya sake zura waya.
Sifili, da ɗan wutsiya bayan ɗigo.

Baƙuwar tana nan, na sani,
tana ratsa ƙarƙashin ciyawata da dare.
Furanni uku sun tafi a aikin.

Ranar Asabar Opal za ta dawo da tabaran ninƙaya.
Tun Alhamis nake fitowa da asuba,
ƙafa ba takalmi,
in kama tsani da yatsan nan mai yanka,
in jira.