Makullin Biro

Na zo mayar da makulli.
Shekara talatin da ɗaya yana aljihuna,
ya huda riguna ba adadi,
har Cima ta gaji da ɗinki
ta ce in rataya shi a wuya kamar laya.

Biron ƙarami ne, a Harobanda,
taga ɗaya, tana duban kogi.
In ruwa ya ja baya, kana hango masu lambu
suna bin fangalin salati da bokiti.
Nan na koyar da Italiyanci.
Yi dariyarka, an riga ka.
Kawu Arzika har ya koma ga Allah yana tambaya:
"Yaren masu taliya? Shi ma sai an je jami'a?"

A Keita na tsince shi, ina ɗan sha biyu,
lokacin da ake jera duwatsu a gangare don tare ruwa.
Wani dogo mai jan wuya, direban katafila,
ya nuna gorata ya ce, akwa.
Na ce, akwai.
Ya ce, akwa!
Na ce, to ai na ce maka akwai.
Inna ta sauke dutsen da ke kanta don dariya.
Wannan gardamar ce ban fita ba har yau.

Sanyi biyar na ci a ƙasarsu.
Na bi ƙauyukan kan dutse da rakoda,
tsofaffi na ba ni tatsuniya, ina juya kaset.
Wata ta ɗiga mai a kwanon ruwa
don ta gano ko baki ya kama jikanta.
Na tsaya ina kallo, hannuna na rawa:
kakata ce sak, sai dai wannan ta sa takalmi.

Na dawo Yamai da akwati biyu da tari.
Ranar farko nakan ce wa ɗalibai:
gida, a bakin mutanen arewacinsu, kaza ne.
Kaka namiji nonno, ku danne harafin,
in kun sake shi kun koma wajen mai fura.
In sun yi dariya, na san sun shigo.

Wata shekara arba'in, wata shekara uku.
Wata shekara yajin aiki ya cinye ta da ƙashi.
Albashi ya yi wata huɗu yana hanya,
na sayar da babur, ban sayar da ƙamus ba.

Hashimu ba ɗalibina ba ne.
Ya tsaya bakin ƙofa da jakar leda,
ya ce, "Mushe, jimla goma kawai nake so,
wadda mutum zai faɗa in ya sauka."
Na ce zauna mu fara daga tushe.
Ya ce motar Agadas jibi ce.
Na rubuta masa: sunana wane, ina jin ƙishirwa,
ina da sana'a, ba ni da lafiya.
Ya tambayi sunan teku. Na ce, mare.
Ya ce, "Ko sunan ma duka ne."
Shekara tara ke nan.
Duk lambar da ban sani ba, ina ɗauka.

Bibata ce za ta gaje ni.
Ta fi ni nahawu, ta fi ni haƙuri da ofis.
Ga kaset ɗari da sha bakwai, ƴata,
rabi muryar tsofaffinsu, rabi ta namu na Adar,
ban raba su ba, gara ma ba ta raba ba.
Ƙofar sai kin ɗaga ta da gwiwa kafin ki murɗa.
Fankar tana ƙara, amma tana juyawa.

Ni zan taka gada da ƙafa,
in bar shanu su wuce, in sayi kilishi,
in je kaza kafin magariba.