Yatsu Biyu

Shekara goma sha huɗu ina tsugune.
Wasu na gudu, wasu na tsalle,
ni aikina tsugunno a bayan mai sanda,
fuska cikin ragar ƙarfe, ƙirji cikin sulke,
gwiwoyi na kuka kamar tsohon ƙyaure.
Ba a ɗaukar hoton mai cafe ƙwallo.
Bayanta ake gani, da lambar riga.

Daren nan a Oklahoma, cikin Yuni,
zafi bai ji labarin faɗuwar rana ba.
Fitilu sun tara ƙwari,
jar ƙasar fili ta shige mini haƙora.
Can sama, layi na talatin da wani abu,
babana Wendell ya jingine motar alkama kwana uku,
ya zo da hular da ya hana a wanke
tun ranar da muka fara ci.

Zagaye na bakwai. Mun fi su da ɗaya.
Biyu sun fita. Guda na kusurwa ta biyu
tana rawar ƙafa, akuya ta ga ƙofa a buɗe.
Jifa ɗaya ya rage, kofin ƙasa ya hau motarmu.

Odalys na cikin da'ira, ƙafa arba'in da uku daga ni.
Shekara huɗu ɗakinmu ɗaya.
Na san minsharinta, na san daren da kakarta ta cika,
na san kafaɗarta ta dama
da ƙanƙara take kwana tun Afrilu.
Hannunta majaujawa: ya zaga sama, ya biyo ta ƙasa,
ƙwallo ruwan ɗorawa ya taso kamar an kira sunansa.

Na sauke hannu tsakanin gwiwoyi, na nuna yatsu biyu:
sassauta shi, ki yaudare ta,
ta kai duka kafin ya iso.
Odalys ta girgiza kai.
Na sake nunawa.
Ta yi mini kallon da ake wa wanda ya rantse ya san hanya,
sannan ta gyaɗa.

Akwai wata ƙara da sanda ke yi
in ta sami ƙwallo a tsakar cibiya.
Mai cafewa ke fara jin ta,
kafin alƙali, kafin uwar yarinyar.
Safar hannuna ta rufe a kan iska.
Ban ɗaga kai ba. Wuyan Odalys na bi da ido,
yana juyawa sannu, yana yi masa rakiya
har bayan shinge.

Jifa ma zarar bunu ne.

Suka kwararo, riguna shuɗɗa, suna ihu,
suka yi tsibi a kan farantin gida,
farantin da na yini ina gadi.
Sai da na matsa na ba su wuri.

'Yan jarida suka kewaye ta da na'urori.
Me ya faru? Me kika yi niyya?
Ta ce, "Ni na jefa."
Suka juya tambayar ta ko'ina.
Ta ce, "Ni na jefa," ta sha ruwa.
Ina tsaye taku biyar daga nan, ina kwance sulke,
igiya ɗaya ta ƙi kwantuwa.

Baba bai yi magana ba a bakin ƙofa.
Ya cire hular, ya duba cikinta,
ya kifa mini a ka. Tana warin man inji da gumi.

Ran Litinin zan fara aiki a asibitin Wichita,
kwanan dare, sashen tsofaffi.
Babu wanda zai tambaye ni me ya sami gwiwata.

A mota an kashe fitila, kowa ya juya wa taga fuska.
Wajen ƙarfe biyu ta taso daga baya,
ƙanƙara na ɗiga ta hannun rigarta,
ta zauna kusa da ni.
Na buɗe baki. Ta ce, "Noreen, yi barci."
Ta laluba cikin duhu ta kamo hannuna,
ta ware yatsun nan biyu daga sauran,
ta riƙe su
har muka wuce iyakar jiha.