Duna a Bayan Tashar Wunti

Da asuba, kafin Jatau mai shayi ya hura wuta,
Duna yakan ja ni bayan tashar Wunti.
Ni mai gadi, shi mai gadi,
albashi dai ni kaɗai ake ba.

Sai ya sa hanci a gindin turken lantarki
ya karanta labarin daren jiya:
karyar gidan burodi ta kusa haihuwa,
wani baƙo daga Yalwa ya yi rashin kunya a nan.
Ya ɗaga ƙafa, ya ba su amsa,
ɗigo uku, ba ƙari.
Saura turaku bakwai, tawada kuwa kaɗan ce.

In babbar buƙata ce,
sai ya kewaya, ya kewaya, ya sake kewayawa
kamar wanda kwabonsa ya faɗi a ciyawa.
Jatau ya ce iskoki yake kora.
Na ce ƙaya yake dubawa;
wanda ya taɓa zama a kanta ba ya tambaya.

Ya gama, ya watsa ƙasa da ƙafafun baya.
Ba binnewa ba ce, wannan aikin kyanwa ne.
Sa hannu ne: Duna na nan.

Amma yana tsugune, idonsa cikin nawa.
Da na ɗauka kunya ce, nakan kau da kai.
Daga baya na gane:
dare duka shi ke tsare mini baya,
minti ɗayan nan yake roƙon in biya.

Sai in gyara riƙon gorata,
in dubi gabas, in dubi yamma.