Gwajin Gwiwa

Mannir ya aiko hotuna bayan isha'i
daga Garnada, can ƙasar Sifen.
"Inna, zaɓi yawon da kike so,
gurbi na cika, tun yanzu ake biya."
Na goge tabarau da bakin zane,
Hindatu na ja mini fuskar waya da ɗan yatsa.

Ga wata motar buɗe ido, a zaga gari ana zaune,
a liƙa maka abu a kunne yana ta zuba,
ba ka ganin mai magana, shi ma bai san da kai ba.
Na ce wannan ai rediyo ce aka sa wa taya.
In na sarƙe da yawu, wa zai ce mini sannu?

Ga na keke. Hindatu ta kwashe da dariya,
na ce wuce, marar kunya.

Sai ga wata mai jar laima, ita da ƙafa ake bin ta,
awa uku cikin gidan sarakunan da,
inda ruwa ke fita daga bakin zakunan dutse,
bango ya sha rubutu kamar allon zayyana.
Nan zuciyata ta ci birki.
Gwiwata ta hagu ta ce, "Ba da ni ba."

Shekara talatin da ɗaya ina karɓar haihuwa,
tsaye nake kwana, bene nake hawa da gudu,
ba ta taɓa ɗaga mini murya ba
sai yau da aka ce yawo ne.

To, ba a fafe gora ranar tafiya.
Da hantsi na tare Sagir mai Keke Napep
a bakin Ƙofar Sauri.
"Gobarau za ka kai ni."
"Wa ya rasu, Inna?"
"Gwaji za ni, tuƙa."

Kullum ina wuce ta in za ni kasuwa,
ni da ita sai gaisuwar nesa,
kamar maƙwabciyar da ba a taɓa shiga ɗakinta ba.

Wani dattijo, Malam Rabe, ya shige gaba.
Matakala ƙunci, ƙasa na kama gefen mayafi.
Ban yi nisa ba numfashi ya fara ƙaho.
Sai ya tsaya, ya dafa bango:
"Hajiya, dubi nan, sawun hannun magini."
Na duba. Ban ga komi ba. Na dai huta.
Can gaba ya sake tsayawa, wai labarin ɗalibai,
ya ja shi, ya ja shi kamar mai kaɗin zare,
bai yanke ba sai da ƙirjina ya lafa.
A ta uku na gane wayon,
na yi shiru, shi ma ya yi kamar bai san na gane ba.

Daga sama Katsina ta shimfiɗu kamar shanya:
kwano, kwano, soro, hasumiya,
tattabarun wani suna kewaya unguwarsu.
Na nemi darbejiyar gidana,
na nuna wata, ya ce, "Ƙila ita ce."

Saukowa ta fi hawa ciwo, wannan ba wanda ya faɗa mini.

Da dare na sa Hindatu ta danna, na yi magana:
"Mannir, biya na mai jar laima.
Amma ka tambayar mini ita,
ba shekarar da aka gina gidan ba, wannan an rubuta,
ka ce: ta iya tsayawa?
Ta san inda ake ƙirƙiro abin kallo
don tsohuwa ta maida numfashi?"

Biza dai ba ta fito ba tukuna.
Ina nan ina shafa man zafi,
ina lallashin ta hagu,
ta dama na jinmu, ba ta ce komi ba.