Hannu Ya Fi Ido

Ƙarshen Oktoba a kudancin Saskacewan.
Dinyoyi sun wuce kudu tun makon jiya,
ruwan kwami ya soma yin ɓawo da asuba,
sai na sa dunduniyar takalmi yake fashewa.

Shanuna sun fid da gashin sanyi.
Mai wucewa a mota zai ce sun yi ƙiba.
Elwood, kafin ƙasa ta rufe masa ido, yakan ce:
gashi maƙaryaci ne, Ardith, ki taɓa.

To, yau ranar taɓawa ce.
Ɗana Merle yana koro su ɗaya-ɗaya cikin matsatsin ƙarfe,
ni kuma na tuɓe safar hannu,
na shimfiɗa tafi a kan haƙarƙari.
Wannan, kitse ya lulluɓe ƙashi kamar katifa. Wuce.
Wannan, biyu na baya kawai nake ji. Za ta kai.
Wannan kuwa yatsuna suna faɗawa tsakani
kamar mai lalube a kan katakon shinge,
gindin wutsiya ya yi rami,
ga maraƙi a ciki yana ci daga jikinta.
Wadda ta shiga Janairu da rama
ba hatsin da zai cim mata.
Sanyin nan ba ya ba da bashi.

Bana ruwa ya ɗauke tun Yuni.
Ingiricin da muka naɗe, dami ɗari uku da goma sha ɗaya.
Na ƙirga da safe, na sake ƙirgawa da yamma,
ko ɗaya bai haihu ba.
Baki casa'in da huɗu, kwana ɗari da tamanin
kafin ciyawa ta leƙo.
Na buga lissafin a bayan ambulan ɗin banki,
ya ƙi fita.

Sai ga mai lamba arba'in da bakwai,
Guntun Kunne,
wadda aka haifa a daren da guguwar ƙanƙara ta cinye mata kunnuwa,
na kwana da ita a ɗakin girki, jikin murhu.
Maruƙa goma sha biyu ta ba ni.
Merle ya buɗe bakinta, ya leƙa, ya dube ni.
Haƙora sun zama dasashi.
Bai yi magana ba. Alli ja yana hannunsa.

Na ce a ware ta da karsana,
su ci sha'ir a bayan rumfa, inda iska ba ta kai.
Ya ce, Mama, abincin biyu za ta ci.
Na ce na ji.
Ya ce motar kasuwa Alhamis za ta zo.
Na ce na san ranakun mako.

Goma sha bakwai muka shafa wa ja.
Ita ban bari ba.
Ba hujja gare ni ba, kuma ban nemo ba.

Da magariba tururin numfashinsu ya taru a kan garke,
suna tuƙa, suna lasar dutsen gishiri.
Merle ya kunna mota, ya fito ya rungume ni.
Hannunsa ya daɗe a bayana.
Ta cikin rigar sanyi biyu na ji yatsunsa suna tafiya,
ɗaya, biyu, uku,
a hankali, yadda ubansa ya koya mana.

Ya ce, akwai ɗaki a gidanmu a gari,
Joanne ta riga ta gyara.
Ki zo ki yi sanyin bana da mu.

Na ce wa zai fasa musu ruwa?

Fitilar motarsa ta bi shinge har ta ɓace.
Na shiga ciki, na ɗora tukunya,
na yanka burodi, na shafa man shanu da kauri,
fiye da yadda na saba.
A tagar arewa wani abu fari ya fara sauka,
ƙanana, ba sauti.